Na Ce Mata Ba Komai Alhali Ban Ji Abin Da Ta Ce Ba

Ina yi wa masu kula da wannan fili sallama, tare da roƙon a sakaya sunana. A shekarar 2018 da na sauka Dubai, ni mace ce mai shekara talatin da bakwai, ma'aikaciyar jinya, wadda ta shafe shekara goma sha biyu tana aiki a wani asibiti a Zariya. Mijina ya rasu ya bar ni da 'ya'ya biyu, na damƙa su a hannun mahaifiyata na fito neman abin da zan riƙe su da shi. Da za a tambayi waɗanda suka san ni a lokacin, cewa za su yi ni mai ladabi ce, ba na musu da na gaba, ba na ɗaga ido in kalli babba. Haka aka rene ni, kuma ina alfahari da hakan. Sai dai akwai wani hali da ya laɓe a bayan ladabin nan, wanda ni kaina ban san girmansa ba sai da ya kusa halaka rai: na tsani a gane ban san abu ba. Na gwammace in kwana da jahilcina da in buɗe baki in ce ban gane ba.

Kamfanin da ya ɗauke ni irin waɗanda ke tura ma'aikatan jinya gidajen mutane ne, mu kula da tsofaffi da waɗanda aka sallamo daga asibiti. Bizata a hannunsu take, kuma kowa ya san tsarinsu: wadda ta daɗe ba a neme ta a wani gida ba, sai a soke bizarta ta kama hanyar ƙasarsu. A unguwar Karama nake zaune, mu shida a ɗaki ɗaya, gado bisa gado. Tsakiyar 2019 tsohon da nake jinya ya rasu, na yi sati biyar ina zaman jira, duk sanda wayata ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. Tun kafin nan na ɗan fara taɓa Sifaniyanci a waya idan ina cikin jirgin ƙasa, saboda wata abokiyar aikina ta ce masu ƙarin yare su ake fara kira. To ni Bahaushiya, da me zan fara in ba gaisuwa ba? Na haddace yadda ake cewa ina kwana, ya jiki, ya gajiya, ya mutanen gida, ya zafi, Allah ya ƙara sauƙi. Na ƙara da sunayen 'yan kayan abinci da ƙirga zuwa ashirin. Iyakar abin da ke kaina ke nan.

Wata safiya shugabarmu ta shigo ofis ta tambaya ko akwai mai jin Sifaniyanci, wani gida na nema da gaggawa. Ban san sanda hannuna ya ɗaga ba. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce na tabbata? Na ce eh. Ta ce yalla, wato maza, in shirya gobe. Gidan a hawa na ashirin da wani abu yake a wani dogon bene. Wata mata 'yar Kolombiya ce mai aiki a otal, ta ɗauko mahaifiyarta mai shekara tamanin da ɗaya saboda babu mai kula da ita a can. Tsohuwar na da ciwon zuciya, tana shan maganin tsinka jini kullum da yamma, kuma ba ta jin kowane yare sai nata. Da aka shigar da ni wurinta, sai na yi abin da zan yi wa kowace tsohuwa a gida: na rusuna har ƙasa, na jero mata gaisuwa ɗaya bayan ɗaya ban tsallake ko guda ba. Tsohuwar nan ta ajiye saƙar kwarashin da ke hannunta, ta riƙe fuskata da tafukanta biyu, hawaye na zubo mata. 'Yarta ta ce da ni da Turanci, wata takwas ke nan babu wanda ya yi wa mahaifiyarta magana da harshenta in ba ita ba. A take ta sa hannu a takarda. A wurinmu duk wanda ya iya gaisuwa ana ɗauka ya iya yare, ashe su ma haka suka ɗauka.

Za a yi mamakin yadda na yi wata takwas asirina bai tonu ba. Abin bai yi wuya ba. Duk wani umarni na magani da abinci 'yar ce ke ba ni da Turanci kafin ta fita aiki. Ita kuwa tsohuwar, wadda nake kira Kaka, ba amsa take nema ba, kunne take nema. Da ta karya kumallo za ta zauna kusa da taga ta ɗauki zare da kwarashi, ta kama zuba kamar an kunna rediyo. Maganarta da sauri take, tana haɗiye ƙarshen kalmomi, ko kama da ta wayata ba ta yi. Ni kuma sai in zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, in sunkuyar da kai, in ta yi dariya in yi, in ta yi ajiyar zuciya in girgiza kai. Kalma biyu suka riƙe ni: sí, wato "to", da no pasa nada, wato "ba komai". Na riƙa gaya wa kaina ai ladabi ne, a gidanmu sa babba ya maimaita magana rashin kunya ne, ka ce "to" kawai, daga baya ka gane. Sau biyu na ɗauki muryarta a ɓoye na shiga kicin in sa waya ta fassara, abin da ta fito da shi shirme ne zalla. Na ce a hankali zan koya. Amma kowace rana da ta wuce, faɗin gaskiya ƙara nauyi yake yi, har na daina buɗe darasin wayar ma don yana tuna mini da abin da nake ɓoyewa.

Allah bai bar ni ba gargaɗi ba. Wata Juma'a na je kasuwar Naif sayen abaya da zan aika wa mahaifiyata, na tarar da wata Hajiya Bahaushiya a shagon takalma tana ciniki a waya da Sifaniyanci tiryan-tiryan. Aka ce mini 'yar kasuwa ce, aure ya kai ta Malabo ta ƙasar Ikwatoriyal Gini shekaru da dama, takan zo sarin kaya ta tura su can ta jirgin ruwa. Wadda muka je tare, da ba ta iya riƙe baki ba, ta ce ai ga ƙawarta nan ma tana ji. Hajiya ta juyo da fara'a ta jefo mini magana doguwa. Na kara waya a kunne kamar ana kirana, na fice daga shagon ina zufa. Ta dai samu ta karɓi lambata daga ƙawar tawa, ta aiko mini da gaisuwa, ban amsa ba. Daga ranar ko layin ban ƙara bi ba.

A watan Maris na 2020 'yar Kaka ta tafi ƙasarsu sa hannu a wasu takardun gida, da niyyar kwana goma. Ta roƙe ni in dawo gidan da kwana kafin ta dawo. Ba ta yi sati da tafiya ba korona ta rufe duniya, jirage suka tsaya, aka hana fita sai da izini. Aka bar ni daga ni sai Kaka a saman bene, titi a ƙasa fayau babu mota. A lokacin ne tsoro ya fara kwana da ni ya tashi da ni. Da, idan Kaka ta faɗi wani abu da fuskar damuwa, nakan jira 'yarta ta dawo da yamma in ji ko za ta maimaita mata. Yanzu babu mai dawowa. 'Yar takan kira bayan La'asar, lokacin da gari ya waye musu, amma layin ba shi da kyau, kuma Kaka ba ta son tayar mata da hankali, sai ta yi ta ce mata lafiya lau. Na yi tunanin faɗin gaskiya fiye da sau goma. Sai in tuna cewa ranar da na faɗa ita ce ranar da zan rasa aiki, a garin da ko jirgin komawa gida babu.

Ranar Talata ce, a makon farko na azumi. Na shiga ɗaki na tura ƙofa na yi sallar Azahar, na ɗan daɗe ina addu'a. Da na fito na tarar da Kaka a kujerarta, saƙar na kan cinya ba ta taɓa ta ba. Ta yafito ni, ta fara magana tana shafa ƙeyarta, tana ɗan murmushi irin na wanda ya ji kunya. Kwanakin nan dama tana yawan nuna mini gashinta a madubi, furfura ta fito tunda an rufe wuraren gyaran gashi babu halin rini. Sai na yanke wa kaina cewa zancen ke nan. Ta ƙare maganar da alamar tambaya, ta zuba mini ido tana jira. Na dafa hannunta na ce sí, Kaka, no pasa nada. Na ga ta sauke numfashi, ta gyaɗa kai. Da yamma na ba ta maganin tsinka jininta, na rubuta a littafin jinya cewa lafiya lau, babu ƙorafi. Laraba na ba ta, Alhamis na ba ta. Na lura tana yawan gyangyaɗi, ba ta cin abinci sosai, kwarashi na suɓuce mata daga hannun hagu. Na auna jininta ban ga abin tashin hankali ba, na ce kewar 'yarta ce. Abu na farko da kowace ma'aikaciyar jinya za ta kama shi ne sauyin magana, ko harshe ya yi nauyi, ko zance ya daina haɗuwa. Ni kuwa ba ni da hanyar ganewa, don a kunnena maganarta ta lafiya da ta ciwo duk ɗaya ce.

Ranar Juma'a bayan La'asar 'yar ta kira ta bidiyo. Ina kicin ina haɗa abin buɗa baki na ji tana ƙwala mini kira ta cikin wayar. Na zo na tarar idonta ya firfito. Ta ce mahaifiyarta na kiranta da sunan ƙanwar ita 'yar, wadda ta rasu shekara talatin da suka wuce, maganarta tana ja, kuma a tsakiyar zancen ta ce tun ranar Talata ta zame a banɗaki ƙeyarta ta bugu da bakin wurin wanke hannu. Ta ce Kaka ta ce ta gaya wa nas, ta tambaye ta ko akwai matsala tunda tana shan magani, nas ta ce ba komai, shi ya sa ba ta faɗa wa kowa ba. Na tura yatsu cikin gashin Kaka, na ci karo da ƙulu kamar rabin ƙwai. Ko ɗalibar da ta yi wata uku a makarantar jinya ta san abin da ake nufi da tsohuwa mai shan wannan magani ta bugu a ka. Kwana uku ina ɗura mata abin da ke hana jinin tsayawa. 'Yar ta tambaye ni, gaskiya ne ta gaya mini? A nan na yi abin da ya fi komai ƙona mini rai har yau. Na ce a'a, ba ta gaya mini ba, ruɗewa ce irin ta ciwon. Na ɗora wa tsohuwar da ta amince da ni ƙarya, tana zaune a gabana tana riƙe da gefen rigata.

Motar asibiti ta zo cikin 'yan mintuna, titi babu kowa. A ƙofar sashen gaggawa ba a barin 'yan rakiya su shiga saboda annoba, amma 'yar ta riga ta kira ta shaida musu cewa nas ɗin na jin Sifaniyanci, don haka aka sa mini riga da takunkumi aka shigar da ni a matsayin tafinta. Likitan wani ɗan Sudan ne, dogo, idonsa kawai nake gani. Ya ce in tambaye ta ko tana ganin abu bibbiyu, ko ta yi amai, ko ta san inda take. Na buɗe baki, babu abin da ya fito sai ya jiki. Kaka ta damƙe wuyan hannuna tana magana, tana maimaita abu ɗaya, idonta a kaina, ni ce kaɗai fuskar da ta sani a ɗakin. Likita ya ce me take cewa? Ya sake tambaya da ƙarfi, ya ce lokaci na tafiya, yana buƙatar sanin ko zancenta na da ma'ana, kuma tun yaushe ya sauya. Zan iya ƙirƙiro masa amsa, babu wanda zai kama ni a ɗakin nan, kuma da amsar zai yanke abin da zai yi mata. Na dubi hannunta a kan nawa, jijiyoyi duk sun fito. Na ce da shi ban iya yaren ba, gaisuwa kawai na iya. Na ce ranar Talata ta yi mini magana tana shafa ƙeya, ban ji ko kalma ɗaya ba, na ce mata ba komai, kuma na ci gaba da ba ta magani har jiya da yamma.

Bai yi mini faɗa ba, da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya dube ni na ɗan lokaci, ya ce khalas, wato ya isa, ƙarfe nawa ne na ba ta na ƙarshe, na faɗa. Ya sa aka kira 'yar a buɗe muryar don ta yi tafinta, kuma a gabana ya maimaita mata abin da na ce. Hoton kai ya nuna jini ya taru a ƙarƙashin ƙoƙon kai yana danne ƙwaƙwalwa. Aka yi mata allurar warware maganin, aka wuce da ita ɗakin tiyata, ni kuma aka ce in fita. Na zauna a bakin dakalin wurin ajiye motoci har aka kira Magariba. Wani mai gadi ya miƙo mini dabino uku da ruwa. Duk motar 'yan sanda da ta gifta sai in ce tawa ce ta zo. Ina tunanin kotu, ina tunanin a ƙwace lasisina, ina tunanin wa zai gaya wa mahaifiyata da 'ya'yana. Amma abin da ya fi razana ni shi ne in tsaya gaban Allah da ran tsohuwar nan a wuyana, a cikin watan azumi, saboda na ji kunyar cewa ban gane ba.

Allah ya yi da sauran kwananta. Ta yi kwana goma sha biyu a asibiti, ta fito da ɗinki a kai, hannunta na hagu kuma bai ƙara komawa daidai ba. 'Yar ta kira ni, muryarta a sanyaye kamar ba ta taɓa sanina ba. Ta ce ta sanar da kamfani, sun ce a halin da ake ciki ba su da wadda za su turo, don haka ni zan ci gaba da zama, ba don ta yafe ba sai don ba ta da zaɓi. Za ta riƙa kira sau uku a rana ta ji bakin mahaifiyarta da kanta. Maganar kai ƙara hukuma kuwa, ta ce sai ta dawo za ta yanke. Ta kuma ce kada in gaya wa Kaka komai yanzu, likita ya ce a guji tayar mata da hankali. Haka na koma gidan da wannan abu rataye a kaina, ban san ranar da zai faɗo ba.

A ranar na nemo saƙon Hajiyar Malabo da na yi wata da watanni ban amsa ba. Ita ma kulle ya rutsa da ita a wani ƙaramin otal a Naif, kayanta jibge a sito, kwantena ba ta tashi ba. Na kwashe komai na gaya mata ina kuka. Ta yi salati ta sanar da Ubangiji, ta wanke ni tas, ta ce tun ranar da na kara waya a kunne ta san ƙarya nake, don wayar ma a juye na riƙe ta. Da ta gama faɗan sai ta ce in share hawaye, ai ita ma zaman banza ya ishe ta, kullum bayan Azahar in kira. Ta ce ita da shekara talatin ta koya, a kasuwar kifi, mata na yi mata dariya har suna riƙe ciki, kuma dariyar ba ta kashe ta ba. Dokarta ta farko, ta haramta mini cewa sí na wata guda. Darasin farko kuma jimla ɗaya ce, no entiendo, wato ban gane ba, sai roƙon a maimaita a hankali. Ta sa na faɗa sau hamsin, ta ce wannan ce kalmar da ta fi ƙarfin bakina, ba don wuyarta ba sai don girman kaina.

Koyon yare da girma ba wasa ba ne. Abin da na haddace da Azahar kafin La'asar ya gudu. Na yayyanka filastar ɗaure ciwo na liƙa a jikin komai na gidan da sunansa, ƙofa, cokali, firji, har bututun wanka. Hajiya ta ce in bar sunan tuffa da lemo, in fara da abin da zai ceci rai: ina ke ciwo, tun yaushe, kin faɗi, jiri, amai, numfashi. Takan kwaikwayi mara lafiya a waya ta yi ta nishi tana zuba mini ƙorafi da sauri, in na yi kuskure ta ce shi ke nan na kashe ta, a zo a ɗauki gawa. Takan ce harshena ya bushe kamar ganda, sai an jiƙa shi kwana bakwai. In na ce na gaji, ta ce shwaiya shwaiya, sannu-sannu, ba gudu ake ba. Wata rana sai in ji kamar kaina ya buɗe, washegari in kasa haɗa kalma uku, in shiga banɗaki in yi kuka in wanke fuska in fito.

Makonnin farko Kaka ba ta cika magana ba, barci ya fi yawa. Da ta fara samun ƙarfi ta dawo da hirarta, ni kuma na fara tsayar da ita ina cewa ban gane ba, ta maimaita. Na ga tana kallona da mamaki. Wata rana da na faɗa sau uku a jere, sai ta kama leɓenta da yatsu tana ja, ta fashe da kuka. Da yamma 'yarta ta gaya mini dalili. Kaka ta ɗauka ciwon ne ya lalata mata harshe, tunda nas ɗin da a da take gane komai yanzu ba ta gane ta. Ta ce wa 'yarta gara ta yi shiru har ta mutu da ta zama abin tausayi. Kuma ta yi shirun, kwana biyu ba ta ce uffan ba. Na ce da 'yar ba zan iya barin ta a haka ba, ko me zai biyo baya. Ta ce in gaya mata da bakina, ita ba za ta fassara mini ko kalma ɗaya ba.

Kwana huɗu muka yi da Hajiya muna haɗa jimla biyar. Ranar da na shirya, na durƙusa a gaban kujerar Kaka kamar ranar farko, sai dai wannan karon na ɗaga kai na dube ta. Na ce harshenta lafiyarsa lau. Na ce ni ce ban taɓa jin yarenta ba. Na ce ranar da ta faɗi ta gaya mini, ban gane ba, na ce ba komai. Na ce na yi wa 'yarta ƙarya a kanta. Na ce ta yafe mini. Ta daɗe tana kallon hannunta na hagu a kan cinya. Sannan ta yi magana a hankali, kuma wallahi sai da na ji sí ta taho har bakin leɓena, na danne ta, na ce ban gane ba. Ta maimaita, na kama rabi. Ta maimaita na uku, kalma ɗaya-ɗaya kamar mai koya wa jariri. Ba zancen faɗuwar take ba, ba kuma zancen hannun ba. Tambayata take, duk labaran da ta ba ni wata takwas, na mijinta, da na 'yarta da ta rasu, abubuwan da ta ce ko 'yar da ke raye ba ta taɓa gaya wa ba, su ma ban ji ba? Na ce ban ji ba. Ta juya fuskarta ga taga. Ban taɓa jin na ƙasƙanta irin na wannan lokaci ba.

Sati guda ba ta karɓar magani daga hannuna sai na karanta mata sunansa a jikin kwali. Ranar na takwas, bayan karin kumallo, ta nuna mini ƙasa kusa da ƙafarta. Ta ce in zauna, za ta fara daga farko, kuma duk inda na gyaɗa kai ban gane ba za ta ranƙwashe ni da kwarashi. Ta cika alkawari, na sha ranƙwashi. Labarin da ta bayar a safiya ɗaya a da, yanzu sai ya ci mana sati. A haka na san garinsu na bakin teku, na san yadda 'yarta ta rasu, na kuma koyi yaren da waya ta kasa koya mini. Bayan wata huɗu 'yar ta dawo. Na haɗa kayana tun kafin ta iso. Ta ce ta so kai ni ƙara, mahaifiyarta ce ta hana, amma ba za ta iya ci gaba da ganina a gidanta ba. Kamfani ya ba ni takardar gargaɗi ta ƙarshe ya mayar da ni wani wurin. A 2021 suka koma ƙasarsu gaba ɗaya. Yanzu ina iya hira da Sifaniyanci, ba sosai ba, amma na san iyakata kuma ina faɗin ta.

Abin da na koya shi ne, ba duk shirun da muke kira kunya ne kunya ba, wani girman kai ne ya yafa mayafi. Cewa "to" ga babba abu ne mai kyau a inda za ka iya zagayawa ka tambayi wani me aka ce. A bakin gadon mara lafiya, a ƙasar da ba taka ba, yana iya zama ajalin mutum. Ina kira ga 'yan uwana masu fita aiki waje, musamman masu jinya da masu kula da tsofaffi: kada ku ce kun iya yaren da gaisuwarsa kawai kuka sani, komai tsananin neman aiki. In kun riga kun faɗa, ku warware tun yau, gobe ta fi yau nauyi. Kuma kada ku taɓa ce wa mutum ba komai sai kun ji mene ne koman. Har yanzu in mara lafiya ya kai hannu ƙeyarsa, sai na ji jikina ya yi sanyi.

Ranar da zan bar gidan, Kaka ta ba ni wani ƙulli a leda. Mayafin da take saƙawa ne, ruwan toka, rabi aka yi, hannunta bai ƙara iya riƙe zare ba. Ta ce dama ni take saƙa wa, kuma ta gaya mini hakan tun ranar da ta fara shi, na ce mata sí. Yana cikin akwatina har yau, kwarashin na soke a inda ta tsaya.